Rasuwar Allon Ofishinmu, Sanadin Sifili

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake bai hana ni cin abinci ba, nake sanar da ma'aikatan sashen lissafi na jami'armu rasuwar allon bangon ofishinmu, wanda muka mallaka tare da abokin zamana mai jiran zama farfesa, wanda muke kira Farfesan Gobe.

Marigayin mai haƙuri ne da rufin asiri. Rabinsa nawa ne, amma tun ina da baƙin gashi ban sami wurin rubuta ko sunana ba, domin Farfesan Gobe ya cika shi da hujjar cewa wata lamba, 'yar'uwar pi ta lissafin da'ira, gagararriya ce, wato babu lissafin aljabara da zai haife ta a matsayin amsa. A kan wannan hujja ya jingina ƙarin girmansa da zamansa a aiki. Kullum alli ya hau marigayin sai ya ce ƙiii, ƙiii, mu kuwa muka ɗauka tasbihi yake, ashe kuka ne.

Dabarar ita ce a ƙaddara lambar ba gagararriya ba ce, sai a fito da cikakkiyar lamba da ta fi sifili amma ba ta kai ɗaya ba. Tunda babu irinta, magana ta ƙare. Ciwon ajali ya bayyana ranar da shugabar sashe ta leƙo da kofin shayi a hannu, ta dubi kusurwar ƙasa, ta nuna cewa cikakkiyar lambar da ya fito da ita ba ta fi sifili ba, sifili ce tsabarta, hujja ta rushe. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bayan fitarta Farfesan Gobe ya ɗaga kujera ya maka wa allon. Kalmar ƙarshe ta marigayin ita ce ƙwas.

Ya bar ƙusoshi a bango, da guntayen alli, da matar Farfesan Gobe wadda ta riga ta ɗinka kayan walima, da uwarsa da ke kiransa Farfesa a gaban maƙwabta. Ita kuwa 'yar'uwar pi tana nan lafiya, ba ta ma san an yi ba.

Za a yi wa marigayin wanka gobe da hantsi da jiƙaƙƙen tsumma. Farfesan Gobe ne zai goge shi da hannunsa, layi bayan layi, kasancewarsa mafi kusanci. Daga nan a kai shi bayan ɗakin ajiya. Masu ta'aziyya su hanzarta, domin a ƙarshen wata za a karɓi makullin ofis daga hannun mai makokin.