Akuyar Baba Ɗanjuma

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da shafina na intanet ya kusa raba ni da budurwata Hassana. Lokacin da na buɗe shafin, farashin shinkafa da albasa na kasuwar Talata Mafara nake sawa, kuma masu karatuna ba su wuce ni da ƙanwata ba (ita ma sai na saya mata data). Wani abokina ya ce in bar wa 'yan kasuwa farashinsu, in rubuta abin da mutane za su yi dariya.

Ana nan sai na shiga motar Bakura, Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani dattijo mai jar hula, ya matse akuya mai ƙaho ɗaya tsakanin ƙafafunsa. Kafin mu yi nisa ya cinye mini gyaɗa, ya ɗora kai a kafaɗata yana minshari, akuyar kuma ta kama bakin rigata tana tauna. Ina sauka na rubuta labarin, na ƙara gishiri, har na ce akuyar ramammiya ce kamar tsintsiya. Kan ka ce kwabo labari ya zaga ko'ina, masu shaguna suka fara ba ni talla. Kaina ya kumbura, har tafiyata ta canza.

Bayan damina aka ce in je Bakura in gai da ƙanen mahaifin Hassana, Baba Ɗanjuma, wanda shi ne waliyyinta, in ya ce a'a magana ta ƙare. Na sha guga da turare, na yi sallama, na durƙusa a zaure cikin dattawa. Ina ɗaga kai na ga jar hular nan a kan Baba Ɗanjuma. Ta ƙofar cikin gida kuma ga akuya mai ƙaho ɗaya tana kallona (na rantse ta gane ni).

Sai da muka gaisa tun daga gajiya har damina, sannan Baba ya gyara zama ya ce, "Kai ne mai shahin ga? Hiddo wayarka ka karanta muna abin da kar rubuta, da bakinka."

Ashe dillalin dabbobi ne, kuma samarin kara, wato kasuwar dabbobi, sun daɗe suna karanta masa labarin suna kiransa Mai Minshari. Haka na karanta a durƙushe, gumi na bin bayana. Da na yi ƙoƙarin tsallake wani layi, wani tsoho a gefe ya tuna mini, don ya haddace. Dattawa na ta ƙunshe dariya cikin rawani, ni kuwa tsoro ya cika ni, na tabbata Hassana ta kuɓuce mini.

Da na gama, Baba ya ƙura mini ido har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can ya ce, "Minshari na yi shi, gyaɗa na ci ta, ban musu ba. Amma mi akuyata ta yi maka? Ni da ka sai da bisashe, ka ce ma duniya tawa ramammiya ta? In kana son ɗiyata, ka wanke akuyar ga."

A ranar na ɗauki hotonta ta gaba da ta gefe, na rubuta doguwar takardar ban haƙuri ga akuya. Abin haushi, har yau ba abin da na rubuta da ya kai wannan samun masu karatu. An ɗaura aure, kuma akuyar na cikin garar da aka kawo gidana, tana nan tana cinye mini riguna a kan igiya.

Tun daga nan, kafin in rubuta labarin kowa a mota, sai na tambaye shi inda zai sauka, da kuma ko yana da 'ya'ya mata.