Rasuwar Guntuwa, Bindigar Surukina

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni Tihomir, maƙerin bindiga na bayan tashar jirgin Ogulin, nake sanar da 'yan'uwa mafarauta rasuwar Guntuwa, bindigar surukina Baba Vjeko. Ta bar duniya ranar Asabar da hantsi, tana da shekara arba'in da ɗaya, ko mako uku, ya danganta da wanda aka tambaya.

An haife ta doguwa kamar kowace bindiga: gindi a kafaɗa, kunama a tsakiya, gidan harsashi a gaba. Ba ta taɓa cin mutuncin kowa ba, har ranar da Baba ya kawo min ita in goge mata tsatsa. Shekara ashirin da biyu ina auren 'yarsa, bai taɓa kirana farauta ba. "Injiniya" yake ce min, yana kallon rufin ɗaki. Na ce yau zai san ni. Na sare gindin, na mayar da gidan harsashi bayan kunama, kayan cikinta suka dawo jikin kunci. Ta ragu da taƙi guda, bututunta bai ragu ba.

Marigayiya ba ta sarƙewa a ƙaya, tana shiga mota ba sai an buɗe taga ba. Kunamarta dai sai da lallashi, amma ba a faɗin aibin mamaci. Muna tuna muryarta: "ƙaras" in an ɗana, "tau" a gindin kunne, sai "wiii" na kwana biyu.

Na auna komai sau bakwai. Abu ɗaya na manta, duk da gwiwar hannun da ke zungurina kowace Lahadi a teburin abinci: Baba bahago ne. Da can kwanson harsashi ta gaban hancinsa yake wucewa. Yanzu ƙofar fitarsa a kuncinsa take. Aladen daji ya ɓullo, Guntuwa ta ce "tau", kwanso mai zafi ya yi awon gaba da haƙoran robar Baba. Alade ya tafi lafiya. Baba ya ɗauki Guntuwa. Ya kwantar da ita a hanya, ya hau tarakta, ya bi ta kanta, ya je, ya dawo.

Ta bar katakon gindinta, da kwanso ɗaya, da matata Ljerka, wadda ta'aziyyarta ba ta wuce, "Tsatsa fa aka ce ka goge, Tihomir."

Za a binne ta ranar Alhamis da ƙarfe huɗu a bayan maƙerata, bayan an soke takardunta. Akwai wake da ƙyafaffen nama, an dafa luguf saboda Baba. Ya aiko cewa zai halarta, kuma a ƙarshe ya sama min gurbi a farauta: ni zan riƙa koro alade daga cikin ƙaya, shi yana jira da sabuwar bindiga, doguwa.

Ana roƙon masu ta'aziyya kada su yi saurin adana baƙaƙen kayansu na makoki.