Zobban Ƙanƙara a Tabkin Tabalak

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na kai wa surukina sandar fatsa ba, ko da na so in manta, don mutanen Tabalak ba su da niyyar barina. Shekara uku ke nan, amma har yau in na sauka daga mota a bakin gudron, wato titin kwalta, sai wani daga rumfar mai shayi ya tambaye ni, da fuskar mutunci, ko ruwan Tawa ya fara daskarewa.

Ni malamin lakkwal ne a Tawa, wato makarantar boko, irin waɗanda ake kira Mushe, labarin ƙasa nake koyarwa (ku riƙe wannan, don shi ya fi ƙona mini rai). Matata Hadiza ɗiyar masunci ce. Mahaifinta, wanda duk muke ce wa Baba, a cikin tabkin Tabalak ya tsufa, yana jefa ragar birgi yana shimfiɗa mamari mai jerin ƙugiyoyi, har kafaɗarsa ta dama ta gaji, likita ya hana shi jefa komai. Hadiza ta je duba shi ta dawo jiki a sanyaye. Ta ce ya daina hira, sai ya zauna a zaure ya zuba wa hanyar tabki ido.

Shekara takwas ina auren ɗiyarsa, amma tsakanina da Baba ba abin da ya taɓa wuce gaisuwa. In durƙusa, in tambayi gida da gajiya, ya sa mini albarka, sai mu yi shiru mu duka kamar masu jiran mota. Na san yana ganin mutuncina. Na kuma san a ransa ni mutumin alli ne, wanda in aka miƙa masa kifi mai rai zai sake shi ya nemi sabulu. Sai na ce to ga dama ta samu.

Na shiga waya neman yadda tsoho zai kama kifi ba tare da ya wahalar da kafaɗa ba, na faɗa kan wani Bature mai jan gemu. Yana zaune kan bokiti, riƙe da ƴar sanda da ba ta wuce kamu ɗaya da rabi ba, ya zura zare cikin rami yana ɗan girgiza ta da yatsu. Ba jifa, ba ɗaga hannu. Na ce wannan ai don Baba aka yi ta.

Kada wani ya yi mini uzuri: na ga ƙanƙarar. Mutumin a kan daskararren tabki yake zaune, gemunsa duk fari, ramin ma huda ƙanƙarar ya yi. Na gani sarai, na ce kifi dai kifi ne, abin da ya yi aiki cikin wannan azaba ai a wurinmu wasa zai yi.

Baturen da kansa yake haɗa sandunansa, kuma abin da ya fi damunsa shi ne zobba, wato ƴan ƙawanyoyin ƙarfen da ake ɗaurawa a jikin sanda zare ya bi ta cikinsu. Yana magana, fassarar Faransanci na fitowa a ƙasa, ni kuma ina kwafa a kaye, littafin rubutuna, kamar ɗalibin da ke tsoron jarrabawa. Zoben ya zama na siririyar waya don kada ya yi wa bakin sanda nauyi. Ƙafarsa ɗaya tak. Babba kusa da mariƙi, suna raguwa har zuwa tsini. Sannan bakinsu ya yi faɗi sosai. Sati uku ba ni da zance sai wannan. Hadiza ta tambaye ni me za a dafa, in ce mata tana ganin zobe biyar ya isa ko a yi shida. Da ta daina amsawa har fushi na yi, ina cewa a raina ga mutum yana yi wa ubanta hidima ko a jikinta.

A kasuwar Tawa ba mai sayar da irin zobban, don haka na nufi rumfar Agali, wani Buzu maƙerin azurfa da ya taɓa gyara wa Hadiza abin wuya. Ya juya kayen nawa sama da ƙasa.

"Mushe, waɗanga ba su shiga yatsa. Ko na hanci ne?"

Na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗauko wata waya mai kauri ya ce da ita za a yi, a kuma ba kowane zobe ƙafa biyu, gaba da baya, don ya kama sanda da kyau.

Na ce a'a, siririya, ƙafa ɗaya.

"Wagga wayar da kake so, ko akuya ta yi atishawa kusa da ita sai ta lanƙwashe."

Na ce masa, cikin muryar da nake yi wa ƴan aji, wanda ya tsara abin ya fi mu sanin kifi ni da shi. Sau huɗu ina mayar masa da zobban. Wannan ya yi nauyi, wancan bakinsa ya matse, na ukun bai yi daidai da zanen ba. A zuwa na huɗu bai ko ɗago kai ba, ya tura mini su cikin ƙullin takarda ya ce, "Ga su yadda ka ce. In an tambaye ka wa ya yi, ka ce ba ka san shi ba." Na fito ina ƙunƙuni, wai mutanenmu ba sa son ci gaba.

Sandar kuwa daga gidan sauron yara na zaro ta, irin mai naɗewa ɗin nan (har yau gefe ɗaya a karkace yake). Na ɗaure zobban da zaren tela, na shafe ɗaurin da jan farcen Hadiza, na maƙala ƴar na'urar naɗe zare da na samo wurin masu kayan China. Na gwada ta daga kan gado, na ɗaura cokali a bakin zaren na ɗago shi lafiya lau. Iyakar gwajin ke nan. Cokali.

Ranar Lahadi muka tafi, tsakiyar bazara, irin zafin da ko ƙadangare ba ya fita. Na sa farar shaddata ta salla. Hadiza ta ce in ba Baba kyautar a cikin gida, mu uku. Na ƙi. Na ce abin ruwa a bakin ruwa ake ba da shi. Haka na sa aka taso tsoho bayan azahar, muka taka har gindin itatuwan da masunta ke zama suna gyaran koma. Sun kai su goma sha, yawancinsu sa'o'insa.

Na durƙusa na kwance ƙyallen na miƙa masa da hannu biyu. Baba ya karɓa, ya duba ta daga mariƙi zuwa tsini, tafiyar da ba ta ɗauki idonsa lokaci ba.

"Madalla. Allah shi yi albarka," ya ce. Ya juya ta a hannu. "Sauran tana mota?"

Na ce ai ita ke nan, Baba. Daga nan bakina ya buɗe. Ni da ban taɓa haɗa jimla uku a gabansa ba, sai ga ni tsaye ina ba masunta darasin zobba, ina nuna na farko da na ƙarshe, ina bayanin nauyi da lanƙwasa. Suka yi tsit. Na ɗauka ilimi ne ke ratsa su.

Wani tsoho mai ido ɗaya, Malam Dodo, abokin Baba tun suna samari, ya karɓi sandar ya taɓa babban zoben da ɗan yatsansa.

"Mushe, mi ya sa bakinsu ya yi hwaɗi haka? Zaren ga ai siriri ne."

Amsar tana cikin kayena, na haddace ta, kuma ta fito kafin hankalina ya iso. Na ce, da ƙarfi, don na baya su ji: "Don kada ƙanƙara ta toshe su."

Zufa na bin bayana a lokacin. Wani jaki can gefe ya kwanta ya miƙe ƙafafu don zafi. Malam Dodo ya ɗaga idonsa ɗaya ya dubi rana, ya dubi tabki, ya dawo kaina.

"Ƙanƙara," ya ce a hankali. "To. Gara da ka shirya muna. Ba mu san tana tahe ba."

Ba wanda ya yi dariya, saboda Baba. Na ga kafaɗu suna rawa, wani ya cusa fuska cikin koma. Da sun yi dariyar a fili da ya fi mini sauƙi.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce bari in nuna musu a aikace. A bazara ruwan tabki ja da baya yake yi ya bar laka mai faɗi, sandata kuwa ba a yi ta don jifa ba, an yi ta ne don mai zaune a kan ruwa da rami a gabansa. Na sa tana a ƙugiya na wurga, ta faɗi kusa da takalmina. Na matsa. Na ƙara matsawa. Takalmin dama ya tafi, na hagu ya bi shi. Kafin ƙugiya ta sami ruwan kirki na shiga har ƙugu, da farar shadda, ina girgiza ƴar sanda da yatsu kamar yadda na ga ana yi.

Abin haushi, kifin ya zo. Da bai zo ba da na ce rana ce ba ta yi ba. Wata tarwaɗa ce mai kaurin cinya ta fizgi zaren, sanda ta lanƙwashe, har na juya don in tabbatar Baba na gani. Sai na ji ƙas. Zoben tsini ya ɓalle. Na biyu ya bi, na uku, har na shidan, suka zurara kan zare suka taru wuri guda suna kacau-kacau kamar warwaron amarya. Sati uku na aiki bai yi numfashi uku ba. Na saki sandar na cafki zaren da hannu, ya yanke ni, na ja da baya, ƙafafuna suka ƙi biyo ni. Na zauna cikin laka har wuya, kuma a wannan zaman na ji tazugena ya tsinke.

Wanda ya shigo cetona shi ne mutumin da likita ya hana ɗaga hannu. Baba ya ratso lakar kamar yana tafiya a tsakar gidansa, ya naɗe zaren a hularsa, ya bi tarwaɗar a hankali, ya saki, ya ja, har ya kama ta ta wuya ya wurga tudu. Sannan ya miƙo mini hannun hagu.

"Taso, Mushe."

Na ce, ƙasa-ƙasa, "Baba, wandona."

Ya dubi ruwan da ke kewaye da ni. "Bar shi nan. Rigar tana da tsawo."

Haka na ratsa masunta goma sha, ba takalmi ba wando, ina riƙe da gefen riga da hannu biyu, laka na ɗiga. A gida aka ba ni wandon Baba, wanda ya tsaya mini a ƙwauri. Da shi na zauna aka ci tarwaɗar. Hadiza tana shafa wa mahaifinta man zafi a kafaɗa tana hararata, sai da muka kusa Tawa ta amayar mini da abin da ke ranta, kuma abin da ta faɗa ba na rubutawa ba ne.

Amma kafin mu taso Baba ya kira ni zaure. Na shiga kaina a ƙasa ina jiran faɗa. Sai na tarar yana murmushi, har haƙoran goronsa a waje.

"Rabona da taɓa kihi mai rai tun kaka," ya ce. "Ni ba sanda ce ta ɓace mini ba, ina da zare da ƙugiya cike da tukunya. Yaran ne sunka hana ni zuwa bakin ruwa ni kaɗai, kowa kuma shina da aikinai. In kana da Lahadi, ka zo ka zauna kusa da ni. Ba sai ka taɓa komi ba." Ya ɗan yi tunani ya ƙara, "Don Allah kada ka taɓa komi."

Yanzu kusan kowace Lahadi ina can. Shi ya riƙe zare, ni in riƙe buta da tabarma, kuma mun kai ga yin hira har ta rabin awa. Abin da na koya bai da yawa. In za ka taimaki mutum a sana'ar da ya tsufa a cikinta, fara tambayarsa abin da ya rasa. In kuma ka ƙi ji sai ka nuna gwaninta a gaban surukai, to ka duba tazugenka tun daga gida.