Yadda Za Ka Nemi Shawarar Tsofaffi da Baƙi Ba Tare da Ka Ji Ko Ɗaya Ba

Kai jami'in ofishin jin daɗin jama'a, an turo maka umarni daga sama cewa ka zauna da tsofaffi da baƙi 'yan ci-rani, su faɗi yadda suke so a riƙa yi musu hidima. Kwantar da hankalinka. Na ga jiya na ga yau a wannan harka, kuma na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan za a yi taro a watse ba abin da ya motsa.

1. Zaɓi ɗaki

A hawan bene na can ƙarshe, inda lif, na'urar hawa sama, ya mutu tun kafin a ɗauke ka aiki. Duk tsohon da ya iya hawowa, lafiyarsa lau, ba ya bukatar komai. Wanda ya kasa kuma bai halarta ba, wanda bai halarta ba kuwa ba shi da ƙorafi.

2. Samo wurin zama

Ba a barin dattawa a tsaye, kai ma da tarbiyyarka. A ƙasa, bakin tagar da ake karɓar magani, akwai benci ɗaya tak da masu layi ke hutawa a kai. Sa masu gadi su ɗauko shi su kai sama.

3. Yi maganin Iya Mai Sanda

Kowane ofis yana da irinta: tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ke yini a layin maganin hawan jini. Za ta hawo da ƙyar, tana hutawa a kowace matakala, ta ce, "Ɗana, ba doguwar magana ce ta kawo ni ba. Bencin nan ɗaya ya yi mana kaɗan, a ƙara mana wani."

Ka ce, "Iya, ai a kansa kike zaune yanzu. Kin ga har mun fara aiki."

Sai ka sa a tafa mata. Tafi yana rufe bakin tsoho fiye da tsawa, kuma ba mai cewa ka yi rashin kunya.

4. Nemo tafinta mai jin yunwa

A cikin baƙin akwai wani kafinta. Zai miƙe ya yi dogon bayani da yarensu, yana auna bencin da taƙi, yana nuna gwiwar Iya, yana dafa ƙirjinsa. Nufinsa yana da ragowar katako, a ba shi izini kawai ya haɗa wani bencin kyauta. Wannan haɗari ne babba, domin matsalar da aka warware ba ta bukatar kwamiti.

Tafinta ya riga ya jiyo ƙamshin abincin taro. Zai ce, "Yallaɓai, godiya yake yi."

In kafintan ya zaro gudumarsa don a gane, a fitar da shi, ya zo taro da makami.

5. Hoto

Iya a tsakiya, sandarta ta fito sosai.

6. Kada ka mayar da bencin

Nan ne sababbin shiga ke yin kuskure, tausayi ya kama su. Bencin ya riga ya zama kayan kwamiti. A shafa masa fenti, a kulle ɗakin sai taro na gaba. Washegari in ka wuce ta bakin taga za ka ga Iya zaune a siminti, ta miƙe ƙafa, ta ce, "Ɗana, ina bencinmu?"

Ka ce ana duba lamarin, ka ƙara sauri. Ranka zai ɗan sosu, amma yana wucewa kafin ka kai ofis.

Hattara

Babu hannuna a duk abin da ya biyo baya. Musamman ranar da ka yi ritaya, taka gwiwar ta fara ƙara, ka zo layin nan da katinka ka waiga babu benci, kada ka neme ni. Ka nemi Iya, in tana raye. Mutuniyar kirki ce, za ta matsa maka a simintin.