Yadda Ba'amurke Zai Faɗi Garinsu Ba Tare Da Ya Faɗi Garinsu Ba

Ɗan'uwana Ba'amurke, kai da ka sauka Turai da fararen takalma da gorar ruwa mai girman tulu da muryar da ake ji daga tsallaken titi, matso kusa. Kafin kofin farko ya huce a hannunka wani zai dube ka ya ce, "Daga ina kake?" Ɗan firamare na kowace ƙasa yana amsa wannan tambaya da kalma ɗaya ya koma wasansa. Mu kam ba haka aka yi mu ba. Ni na yi shekara da shekaru a Holan ina amsa ta, kuma har yau maƙwabcina bai tabbatar ko daga gabas nake ko daga yamma ba. Ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari ba mahaluƙin da zai gano inda aka binne cibiyarka. Kai kanka ma za ka fara kokwanto.

Da yake darasi ba ya zama sai da misali, ga ɗalibina mafi ƙwazo, Lyle Dykstra, mai gyaran injinan tatsar madara a arewacin Holan. Lyle ya kamu da son wata likitar dabbobi mai suna Renske, son da ya hana shi cin abinci, har ya durƙusa gabanta da zobe a bakin garken shanu. Ita kuwa ta dubi zoben, ta dubi ƙasa, ta ce, "Tashi, wandonka zai ɓaci. Ka fara sanin dangina tukuna. Ranar bikin haihuwar Kaka Aaltje, in an watse, zan ba ka amsa." Mutanen nan haka suke, ba su san kwana-kwana ba. A guje Lyle ya zo wurina neman shawara, ni kuma na buɗe masa rumbun ilimi.

Mataki na 1: Kada ka kuskura ka ce "Amurka"

Wannan amsar ragwaye ce. Faɗi sunan jiharku kai tsaye, ka tsaya kana murmushi, kamar duk duniya an haddace jihohinmu hamsin tun a nono. In mutumin ya yi shiru, laifin makarantarsu ne. Batun cewa kai ba ka iya nuna ƙasarsa a taswira ba, wannan ba ya cikin lissafi.

Tun ranar da suka haɗu abin da Lyle ya ba Renske ke nan. "Michigan."

"Wane gari a Michigan?"

"Ƙaramin wuri ne, ba za ki san shi ba."

"Ai shi ya sa na tambaya," in ji ta.

Allah ya taimake shi saniya ta harbi bokiti, zancen ya tsaya nan. Ka riƙe jimlar nan ta "ba za ki san shi ba" da kyau, ta fi rigar ruwa amfani a ƙasar nan.

Mataki na 2: Ari babban birni

In sun matsa, nemo birnin da ake gani a fim ka ce kusa da shi kake. A wurinmu kalmar "kusa" tana da faɗi, kuma da awa muke auna ta, ba da mil ba.

Ga gaskiyar lamarin, tsakanina da kai. Sunan garin su Lyle Orrin. Fitilar hanya ɗaya gare shi, ita ma ƙyaftawa kawai take yi. Akwai coci biyu da ba sa ga-maciji da juna, da masana'antar jiƙa kokwamba a ruwan tsami da ta rufe tun yana sakandare, ta tafi ta bar warinta. A can mahaifiyarsa Lorna take, tana dafa wa 'yan firamare abincin rana. Duk Lahadi takan kira shi ta faɗa masa wanda ya mutu da wanda dusar ƙanƙara ta rusa wa rufi, shi kuma yakan fita kan matakala ya amsa, don kada a ji. Yana son ta har ransa, yana jin kunyar garin, yana kuma jin kunyar wannan kunyar. Da yawanmu mun san wannan ciwo, ba ma dai faɗa.

To, ya je gaida kawun Renske, Kawu Wim, tsohon direban babbar mota.

"Kusa da Chicago nake, Kawu."

"Kusa kamar yaya?"

"Awa huɗu kacal a mota."

Kawu Wim ya ajiye kofinsa. "Yaro, in na yi awa huɗu a mota daga ƙofar nan, na ƙetare Beljiyam, ina neman wurin fitsari a Faransa."

Duk da haka tsohon ya ji daɗi, don mayen finafinan 'yan daba ne. Ya laƙaba masa Ɗan Chicago, yana ta tambayarsa ko an taɓa harbe wani a gabansa. Lyle ya girgiza kai a hankali, irin na wanda ya ga abin da ba ya faɗuwa. Sau ɗaya tak ya taɓa zuwa Chicago, da motar makaranta, kuma amai ya yi ta yi har suka dawo.

Mataki na 3: Yanyanka jininka kamar kek

Nan ne gwanintarmu take. Ba'amurke ba ya zama mutum guda, sai rabi da kwata da ɗan ɓarɓashi. Kuma abin da ya fi daɗi shi ne ka sanar da mai ƙasa cewa kai ma ɗan ƙasarsa ne.

Gwaggo Ria, ƙanwar mahaifin Renske, tana cikin shayar da furanninta Lyle ya dafa ƙirji ya ce, "Gwaggo, ai ni ma ɗan Holan ne. Rabina na nan ne, kwata Jamus, sauran kuma Ailan da wani abu da ba mu gano ba."

Fuskarta ta washe. Ta zubo masa yarensu kamar an buɗe famfo, da tambaya a ƙarshe. Lyle ya yi murmushi, ya mayar mata da abu ɗaya da ya iya, wato "na gode". Daga baya aka gaya masa tambayarsa ta yi ko danginsa na nan duk sun mutu.

"Kakan kakanka ne ɗan Holan, ɗan nan," in ji ta da ta koma Turanci. "Kai suna kawai ka gada, shi ma ba ka iya faɗinsa daidai ba."

Kada irin wannan ya karya maka gwiwa. Hassada ce, su ƙasa ɗaya tal gare su.

Mataki na 4: In siyasa ta taso, yi ƙaura zuwa Kanada

Za ka shiga wurin shan shayi ko mashaya, talabijin tana nuna abin da shugabanninmu suka sake yi, kowa ya juyo yana kallonka kamar kai ka ba su shawara. Kada ka tsaya kare kowa. Tattara komatsanka a zuci ka haura arewa.

Haka ta faru ranar da Jelle, wan Renske, ya ja Lyle kallon ƙwallo. Ana hutun rabin lokaci aka sako labarai.

"Mu ai kusan 'yan Kanada ne," in ji Lyle. "Ruwa ne kawai tsakaninmu."

Kafin a tashi wasan, "kusan" ta faɗi a hanya. Jelle ya rungume shi har sai da ƙashinsa ya yi ƙara. "Ɗan Kanada! Don me ba ka faɗa ba tun farko? Ku ne fa kuka kori sojan mamaya daga garin nan lokacin yaƙin duniya. Bari Kaka ta ji, sai ta yi kuka!"

Lyle ya kira ni a waya a daren. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, tsofaffi ba sa riƙe magana.

Mataki na 5: Kada ka yarda su taru a ɗaki ɗaya

Wannan shi ne ginshiƙin ilimin gaba ɗaya, kuma na yarda ya kamata a ce shi na fara koya masa.

Ka san bikin haihuwar mutanen nan. A jera kujeru a zagaye a falo, ba tebur a tsakiya balle ka ɓuya a bayansa, ka bi kowa ka taya shi murnar haihuwar da ba tasa ba, a miƙo maka kofi da yankan kek guda, sannan a zauna ana kallon juna. Duk abin da mutum ɗaya ya faɗa, kowa ya ji. Lyle ya roƙe ni in raka shi a matsayin babban wansa a ƙasar, na je saboda kek.

Kaka Aaltje ta cika casa'in ranar. Ta sa an ajiye kujera kusa da tata, ta hana kowa zama. Da Lyle ya iso gabanta ta kama hannun rigarsa.

"Kai ne ɗan Kanadan? Zauna nan, ɗana." Da guntun Turancinta take magana, a hankali. "Ina yarinya, bayan yunwar yaƙi, wani sojanku ya ɗora ni a kan motarsa ya ba ni cakulan. Ban yi masa godiya ba, bakina cike yake. Tun ranar nake neman wanda zan yi wa." Ta jawo kwalin cakulan da ta sa aka sayo, ta ɗora masa a cinya.

"Kanada kuma?" in ji Kawu Wim daga can gefe. "Inna, wannan ai Ɗan Chicago ne."

"Ni kuwa ce mini ya yi ɗan Holan ne," in ji Gwaggo Ria. "Har da kwata-kwata ya lissafa mini."

"Haba, da bakinsa ya ce mini Kanada!" in ji Jelle.

Lyle ya juyo yana nemana da ido. Ni kuwa na duƙufa a kan kek ɗina, ban taɓa ganin kek mai ban sha'awa irinsa ba.

Renske ba ta ɗaga murya ba. "Lyle, mutum nawa na kawo gidan nan? Kuma wanne ne a cikinsu ya nuna mini zobe?"

Mataki na 6: Hannuwanka su zauna a aljihu

Jihar Michigan siffar tafin hannu gare ta, har da babban yatsa. Saboda haka duk ɗan jihar da taswirarsa aka haife shi. In aka tambaye shi garinsu a gida, ba ya dogon bayani, hannun dama yake buɗewa ya nuna wurin da yatsa. Baki yana iya ƙarya, amma hannun nan bai san ka zo Turai ba, kuma in aka ƙure ka shi zai fara tashi.

Lyle ya dubi kwalin da ke cinyarsa, ya dubi tsohuwar da ke jiran ta yi godiya. Kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi ja.

"Kaka, ni ba ɗan Kanada ba ne. Ƙarya na yi."

Sai ga hannun ya tashi da kansa. Ya buɗe tafin a gabanta, ya ɗora yatsa ƙasa da ɗan ƙaramin yatsansa. "Nan ne. Sunansa Orrin. Ba komai a cikinsa, sai warin kokwamba."

Kaka Aaltje ta gyara tabarau, ta kama hannun da nata biyu, ta kawo shi kusa da idonta. Ta sa yatsanta a daidai wurin.

"Wa ke nan?"

"Mahaifiyata."

"Ita da wa?"

"Ita kaɗai."

"Ta san ka kwashe ta ka kai Chicago?"

Ba wanda ya yi dariya, ko Kawu Wim.

"Ta san da jikata?"

"Ta san ina da wata abokiyar aiki," in ji Lyle, da muryar da ba ta kai tsakiyar falo ba.

Tsohuwar ta saki hannun. Ta ɗauke kwalin cakulan daga cinyarsa ta tura ƙarƙashin kujerarta. "Wannan zai ci gaba da jira," in ji ta. "Ria, ƙara wa yaron kofi."

Da aka watse, ya tarar da Renske a waje tana kwance kekenta. Ya tsaya kamar wanda aka kira ofishin hedimasta.

"Kin ce yau za ki ba ni amsa."

"Na ce ka san dangina. Ka san su, sun kuma san ka fiye da yadda ka so. Saura ni in san naka." Ta kamo hannunsa ta buɗe, ta danna wurin da babban yatsanta har sai da ya ji zafi. "A nan zan ba ka amsa, a kicin ɗin mahaifiyarka, tana ji. In ba za ka iya kai ni ba, riƙe zobenka."

Nan take, a kan titi, Lyle ya ciro waya ya kira gida. Ina tsaye a bakin ƙofa, kuma muryar mahaifiyarsa irin tamu ce, duk layin ya ji ta.

"Lyle? Kai ne ka kira ni? Wa ya mutu?"

Kafin ya amsa, Renske ta karɓe wayar daga hannunsa ta ce, "Barka da rana, Mama. Sunana Renske. Ba abokiyar aikinsa ba ce."

Sanarwar zare hannu

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya ga dama. In surukanka suka haɗa amsoshinka a falo ɗaya, in tsohuwa ta ƙwace maka cakulan, in ka tsinci kanka a bakin titi kana hawaye gaban masu keke, ba ruwana, ba ruwan mai buga takardar nan. Ba na karɓar ƙorafi, ba na kuma raka kowa biki daga yau. Lyle da Renske sun tashi zuwa Orrin, kuma ban san amsar da ta ba shi ba, don ya daina ɗaukar wayata.

Masu tambayar dalilin da ya sa kwanan nan ba na miƙa hannu a gaisa kuwa, su yi haƙuri, ba girman kai ba ne. Ni ma ɗan jihar ne, tawa tsohuwar tana nan a gindin babban yatsa, kuma ban yarda da hannun nan ba.