Yadda Za Ki Sauya Tukunyar Surukarki Ba Tare Da Ta Sani Ba

'Yar'uwa, idan kika bi matakan nan yadda na jera su, na ba ki tabbacin za ki fitar da tsohuwar tukunyar ƙasa daga kicin ɗin uwar mijinki, ki sa sabuwa a gurbinta, kuma a ci gaba da amsa gaisuwarki a gidan. Ni Yunuen, matar Fidencio direban motar fiya, na yi, ga ni kuma da raina. Duk wadda ta bi hanyata ta yi nasara. Zuwa yau dai ni kaɗai ce na bi ta.

1. Ki samu dalili, don sata babu dalili rashin tarbiyya ce

Nawa dalilin a wurin awo na same shi, cikina yana wata huɗu. Nas ta duba takardar gwajin jinina, ta dube ni.

"A me kuke girki a gida?"

Na ce a tukunyar ƙasa, kamar kowa.

"Mai ƙyalli daga ciki?"

Na ce ai ƙyallin ne adonta.

Ta ce shafen nan mai ƙyalli da magina suka gada, da dalma ake haɗa shi. Duk abu mai tsami, tumatir ne ko lemo, yana kankaro ta ta bi miya. Babba yana tara ta a hankali, amma ɗan da ke ciki ya fi kowa cutuwa, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Ta ba ni wasu tsinkaye masu auduga a kai, ta ce in goga a cikin tukunyar, idan audugar ta yi ja to akwai.

Na goga a tukunyar Doña Herlinda, uwar mijina. Tun ban ɗaga hannu ba audugar ta yi jawur.

2. Ki gwada faɗin gaskiya sau ɗaya, don ki huta da ita

Ki fahimci girman abin da za ki taɓa. Tamu tukunyar ta kakar mahaifin Fidencio ce, an ce ta haura shekara ɗari. A cikinta ake miyar kullum, kuma ranar bikin waliyyin garinmu ita ke ɗaukar mole, miyarmu ta biki mai kauri da barkono, da naman talo-talo. Dangi suna rantsuwa cewa ɗanɗanon daga jikinta yake fitowa.

Na samu Doña Herlinda tana juya miya, na ce, "Mama, nas ta ce tukunyar nan tana da guba."

Ba ta daina juyawa ba. "Nas ɗin ta taɓa cin abincina?"

"A'a, Mama."

"To a ina ta ɗanɗana gubar? 'Ya'ya shida na ciyar daga cikinta. Wanne aka binne?"

Kada ki nemi taimakon miji. Na gaya wa Fidencio, ya sosa ƙeya ya ce, "Ku daidaita tsakaninku, Yunu, ni ina da lodi a garin Uruapan." Namiji yana iya ɗaga buhun fiya biyu a kafaɗa ɗaya, amma ba ya iya ɗaga magana ɗaya zuwa wurin uwarsa.

Daga ranar na koma dafa nawa a tukunyar ƙarfe, na ce cikin ne ba ya son ƙanshin ƙasa. Amma jikoki suna zuwa ci kowace Lahadi, nawa kuma yana tafe.

3. Ki auna tukunyar kamar tela

Ki jira surukar ta tafi coci. Ki ɗauki igiya ki auna baki da zurfi. Ki haddace duk wani tabo. Tamu tana da ɓalli a kunnen hagu, da baƙin hayaƙi da ya hau har wuya. Idan wani ya shigo ya gan ki durƙushe da igiya, ki ce girmamawa ce.

4. Ki je kasuwa, kada ki yarda da ido

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Pátzcuaro, inda magina ke baje kaya. Ki ɗaga tukunya ki ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Idan ta yi amo garau, lafiyayyiya ce. Idan ta yi kamar kin bugi katako, akwai tsaga da ido bai gani ba. Ki juya gindinta ki nemi hatimin da ke nuna babu dalma. Sannan, tunda hatimi ba ya rantsuwa, ki fito da tsinkenki ki goga.

Na yi haka a rumfa huɗu, aka kore ni daga biyu. A ta biyar na samu Don Nabor, wani dattijon magini da ya bar shafen dalma tun da hannunsa ya fara rawa. Auduga ta fito fes. Ya ga ina gwada igiyata a bakin tukunyar, ya gyara hularsa.

"Ta uwar miji ce ko ta kakar miji?"

Na ce ban gane ba.

"To, ba ki gane ba. Ki dai sani sabuwa ba ta son gaggawa, 'yata."

5. Ki horar da ita

Sabuwar tukunya ba a ɗora ta a wuta haka kawai. Ki jiƙa ta a ruwa yini da kwana. Ki bari ta bushe sarai. Ki goge bayanta da tafarnuwa. Ki dama kunun masara a ciki da 'yar ƙaramar wuta, ki bar ta ta huce da kanta. Kada ki taɓa zuba ruwan sanyi tana da zafi, nan take za ta tsage.

Maƙwabta za su gaya miki cewa wannan horon yana cire dalma daga tsohuwar tukunya. Ba ya cirewa. Abin da tafarnuwa take kora kawai shi ne maƙwabtan.

Ni a bayan akurkin talo-talo na yi duk wannan, cikin kwana uku.

6. Ki ƙara mata shekara ɗari a la'asar ɗaya

Nan ne aikin gwaninta. Na hura wuta a bayan akurki, na kifa tukunyar a kan hayaƙi. Bai kama ba. Na goga gawayi, ya biyo hannuna. Na ɗauko dutse don in ɓalle kunnen hagu, na ɗaga hannu ke nan sai na ji murya a bayana.

"Da dutse za ki raba ta biyu."

Doña Herlinda ce, riƙe da ƙwaryar dawar tsuntsaye.

7. Idan an kama ki, ki rufe bakinki

Na shirya ƙarya uku, babu wadda ta fito. Ta ajiye ƙwaryar, ta karɓi tukunyar, ta ƙwanƙwasa, ta kara kunne.

"Kin iya zaɓe. Amma kunne da bayan wuƙa ake ɓalle shi, kaɗan-kaɗan. Baƙin kuma sai kin shafa man alade tukuna, sannan ki ba ta hayaƙin itace mai ƙaro. Kawo."

Na tsaya ina kallon hannunta. Babu inda ya yi shakka.

"Mama, a ina kika koya?"

"Wata biyu da aurena ta asalin ta suɓuce mini a bakin rijiya. Uwar mijina tana kasuwa." Ta ci gaba da shafa mai. "Wadda ke kicin ita ce ta uku. Shekararta tara. Kuma ina zargin wadda na fasa ɗin ma ba ita ce ta asalin ba, don uwar mijin nawa ba ta taɓa kallon idona ba idan ana yabon tukunyar."

Na ce to me ya sa ta ƙi da na yi mata magana.

"A gaban ƙofa a buɗe kika faɗa, Gudelia tana tsakar gida."

Gwaggo Gudelia ƙanwar marigayi mijinta ce, shekara arba'in tana jiran ranar da za a ce matar yayanta ta ɓata wani abu na gado.

8. Akwai tambayar da ba ni da matakinta

Muna zaune hayaƙi yana hawa, sai ta ce, ba ta dube ni ba, "Gubar nan. Tana sa yaro ya kasa riƙe karatu?"

Na ce nas ta ce tana iya yi.

"Fidencio aji huɗu ya tsaya. Yau ka koya masa, gobe babu. Da ludayi nake bugunsa, ina ce masa malalaci." Ta juya tukunyar ɗaya gefen. "Shi ne mai lashe gindin miya. Ni nake ajiye masa, don na fi sonsa."

Na ce ba wanda zai iya sanin ko ita ce. Gaskiya na faɗa, kuma ba ta yi mata amfanin komai ba.

Ta tashi ta shiga kicin, ta fito rungume da tsohuwar tukunyar. Na ce a shuka fure a ciki. Ta ce a'a, wata rana wani zai zubar da furen ya dafa wake. Ta ɗauko taɓarya ta farfasa ta da kanta, ta sa na haƙa rami can nesa da inda tsuntsaye ke tono. Da Fidencio ya dawo ta zuba masa abinci, ta ƙara masa nama, ta tsaya a kansa har ya tsargu ya ce, "Mama, lafiya?" Ta ce ya ci kawai.

9. Ranar biki, ki zauna inda ba a ganin fuskarki

Mutum talatin a tsakar gida. Aka sauke mole, aka kawo gurasar masara da zafinta. Gwaggo Gudelia ta dangwala, ta lumshe ido, ta daɗe tana taunawa.

"Ku 'yan zamani ku je ku yi ta sayen tukwane. Wannan ɗanɗanon na kakata ne, ko a makance zan gane shi." Ta nuna ni da cokali. "Ke kuma da aka ce cikinki ba ya son ƙasa, ga shi kin cinye kwano biyu."

Doña Herlinda ta ce, "Ai jinin gidan ne a cikinta, ya gane tukunyarsu."

Sanarwa

Ni ba likita ba ce, ba magina ba ce. Idan kina zargin tukunyarki, ki je asibiti a duba jininki da na yaranki, kada ki tsaya karanta ni. Idan taki surukar ba ta taɓa fasa komai ba a rayuwarta, ko kuma ba za ta amsa ba, duk abin da ya biyo baya naki ne, ban san ki ba.

An ce mini namiji ne a cikina. Wata rana zai kawo mata gidan nan, ni kuma zan miƙa mata tukunyar da hannu biyu, in gaya mata cewa ta haura shekara ɗari ba ta taɓa faɗuwa ba. Idan ke ce wannan matar, ba ni na rubuta wannan ba.