Rasuwar Mai Tsage a Rijiyar Dabaga

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Malam Mourtala Issouf, mai sayar da pompon ruwa masu aiki da hasken rana a bakin kasuwar Agadez, yana sanar da ƴan uwa da abokan ciniki rasuwar wayarsa, wadda aka fi sani da Mai Tsage saboda tabon da ke goshinta. Ta rasu ranar Litinin da hantsi, a bakin aiki, cikin rijiyar wata garka a Dabaga.

Kafin Allah ya haɗa su, in Mourtala zai tallata pompo sai ya ɗaure shi a bayan mota, ya sha hanyar duwatsu har Iférouane, ya tarar da shugaban da ya je nema ya tafi biki. Abokan cinikinsa ƙungiyoyin masu garka ne, kuma ƙungiya ba ta sayen kaya da ka. Sai shugaba ya gani, ma'aji ya gani, kwamiti ya zauna kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Marigayiyar ce ta ɗauke masa wannan wahala. Ta ɗauki bidiyon ruwa yana kwarara cikin kunyoyin albasa, ta kai shi ƙauyukan da mota ke shakkar shiga. Ranar taro kuwa takan jera shugabanni a fuskarta, kowa na zaune a garinsu, ana ciniki ido da ido.

Mai haƙuri ce. Rana ta dafa ta har sai an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle, an hau da ita kan soro neman rezo, wato sabis na waya, an yi mata tsawa a kan laifin da ba nata ba. Ba a taɓa jin ƙorafinta ba, in ban da ɗan kukan nan nata, tin-tin, in yunwa ta kai mata karo.

Ga yadda ajali ya zo. Haɗakar ƙungiyoyin masu garka za ta zaɓi wanda zai kawo wa ƴaƴanta pompo kafin dashen albasa. Masu nema biyu ne: Mourtala, da wani kamfani daga Yamai mai bidiyo da kiɗa da ƙyalƙyali. Shugaban haɗakar, Elhadj Seydou na Iférouane, dattijo ne da ba a yi masa rufa-rufa. Ya ce bidiyo ana yi masa kwalliya kamar amarya, shi sai ya ga pompo yana aiki a cikin rijiya, kai tsaye, gaban kwamiti. Mourtala ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, don ya san kayansa.

Aka je garkar Amadou, surukin Mourtala, inda rijiya ke da faɗin baki. Shugabanni suka hallara a kan waya. Aka zaunar da marigayiyar a cikin guga, Amadou ya riƙe igiya yana zura ta a hankali, Mourtala ya koma wajen makunni. Ana cikin haka sai ga limamin ƙauye ya shigo da sallama, ya miƙa wa Amadou hannu. Amadou ɗan gidan mutunci ne. Tun da aka haife shi bai taɓa gaida babba da hannu ɗaya ba.

Iyalan mamaciya ba su ɗora wa kowa laifi ba. Tarbiyya ce ta yi kisa.

Maganarta ta ƙarshe da muryar Elhadj Seydou ta yi ta: "To Mourtala, kunna mana mu gani!" Daga nan sai ɓul-ɓul, sai shiru. A daidai lokacin Mourtala ya kunna, ruwa ya yi tsartuwa ya cika magudana, babu mai shaida sai liman. An tsamo ta, an kwantar da ita cikin buhun shinkafa, an garzaya da ita wajen mai gyara. Ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya ce a yi haƙuri.

Ta bar sharja ɗaya mai ɗaurin roba a wuya, da sandar ɗaukar hoto mai ƙafa uku wadda yanzu ba ta da wanda za ta goya, da makirfo maraya, da pompo jere a shago suna shan ƙura. Ta kuma bar maigida cikin damuwar da ta fi ta rashi. Direbobi sun kawo labarin cewa a can duwatsu an ce pompon ne ya ƙi tashi, Mourtala ya kashe waya don ya rufe kunyarsa. Wannan magana ta hana shi cin tuwo. Asarar ciniki ya saba da ita, amma a ce masa maƙaryaci a gaban mutanen da suka san ubansa, wannan bai san inda zai ajiye shi ba. Kwamiti kuwa ranar Asabar zai yanke hukunci.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a bakin rijiyar da abin ya faru. Pompo zai kasance a kunne tun fitowar rana har faɗuwarta, duk mai ta'aziyya ya sa hannu a ruwan ya ji sanyinsa. Ba a buƙatar goro ko dabino. A zo da ido kawai.

An liƙa wannan sanarwa a ƙofar shago ne saboda mai kai saƙon ita ce ta rasu, kuma lambobin shugabannin duka sun bi ta. Don haka ana roƙon duk wanda zai hau motar Iférouane kafin Juma'a, don girman Allah, ya nemi Elhadj Seydou ya faɗa masa baki da baki: waya ce ta mutu, pompon yana nan da ransa.